Sansanonin gwale-gwale: a tallafe kufai ko a bar ƙasa ta cinye?

Ɗakunan bulo 45 da suka rage a Birkenau, wani ɓangare na sansanin Auschwitz da 'yan Nazi na Jamus suka kafa a kudancin ƙasar Foland lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, ba don su daɗe aka gina su ba. Fursunoni aka tilasta wa aikin tun daga ƙarshen 1941, cikin gaggawa, a kan dausayi, da bulon gidajen ƙauyen Brzezinka da 'yan Nazi suka kori mutanensa suka rushe. Harsashin ginin bai taka kara ya karya ba. Waɗanda suka ba da umarnin ba ruwansu da ko rufin zai kai shekara goma, tunda mutanen da za a cusa a ciki ma ba a yi nufin su ga baɗi ba. To ga shi an haura shekara 80. Danshi na cin bango ta ƙasa, ƙanƙara na tsaga shi ta sama, masana gyaran kayan tarihi kuma na bin bulo ɗaya bayan ɗaya suna tallafe shi da maƙudan kuɗi. Tambayar da ta raba kan masana tarihi, da waɗanda suka tsira da rai, da mazauna garuruwan da ke maƙwabtaka da irin waɗannan wurare ita ce: har yaushe za a yi ta riƙe ginin da aka yi don halaka bayin Allah? Ba gara a kulle ƙofa a bar ciyawa ta rufe ba?

Ni ina bayan a adana. Sai dai masu cewa a bari suna da hujja mai nauyi, kuma cikinsu akwai waɗanda suka ƙarar da rayuwarsu wajen tabbatar wa duniya cewa kisan kiyashin da 'yan Nazi suka yi wa Yahudawa ya faru.

Auschwitz da Birkenau, idan aka haɗa, fili ne mai faɗin hekta 191, da gine-gine 155 da kufai wajen 300. Mutum miliyan 1.3 aka kai can tsakanin 1940 da 1945, kimanin miliyan 1.1 suka mutu. Kusan miliyan ɗaya daga ciki Yahudawa ne, sai 'yan Foland fiye da 70,000, da 'yan ƙabilar Roma wajen 21,000, da fursunonin yaƙi na Tarayyar Sobiyet wajen 15,000. Da dakarun Sobiyet suka iso ranar 27 ga Janairun 1945, mutum wajen 7,000 suka tarar da sauran numfashi. Tsofaffin fursunoni ne suka fara komawa suna gadin wurin don kada a wawashe shi, kafin majalisar dokokin Foland ta mayar da shi gidan tarihi ranar 2 ga Yulin 1947. Hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin wuraren tarihi na duniya a 1979.

Wanda ya fi fito da hujjar a bari shi ne Robert Jan van Pelt, masanin tarihin gine-gine, haifaffen Holan mai koyarwa a Kanada. Mutane kaɗan ne suka san zanen ginin Auschwitz kamarsa. Shi ne ya tsaya shaida a kotun Landan a shekarar 2000, a shari'ar da marubuci David Irving ya shigar kan masaniyar tarihi Deborah Lipstadt, inda alƙali ya yanke cewa Irving mai musun kisan kiyashin ne kuma mai murɗe tarihi da gangan. Amma a 2009 van Pelt ya fito ya ce idan mutum na ƙarshe cikin waɗanda suka tsira ya kwanta dama, a rufe Birkenau a bar wa ƙasa. Dalilinsa shi ne abin da baƙo ke gani yau ɗan guntu ne na abin da ya kasance. Cunkoso, da wari, da taɓo, da hayaƙi, da tsoron da ke cikin kowane numfashi, duk sun tafi tare da mutanen. Abin da ya rage fili ne mai koren ciyawa, kuma duk katakon da aka canza, duk bangon da aka tallafe, yana ƙara nesanta wurin daga asalinsa. Wata rana za a wayi gari ana nuna wa yara abin da magina na yau suka yi, ana ce musu ga Auschwitz. Baƙo zai fita yana ganin ya fahimta, alhali bai ga komai ba.

Wanda ya mayar masa da martani shi ne Władysław Bartoszewski, wanda ya yi zaman fursuna a Auschwitz daga 1940 zuwa 1941, daga baya ya riƙe ministan harkokin wajen Foland har sau biyu. Shi a ganinsa, ranar da shaidu masu rai suka ƙare ita ce ranar da aka fi bukatar ginin, domin daga nan bango da waya ne za su tsaya shaida. A wannan shekarar ta 2009 ya kafa gidauniyar Auschwitz-Birkenau, da nufin tara Yuro miliyan 120 a ajiye, a riƙa gyara da ribar da kuɗin ke haifarwa. Jamus ta ba da miliyan 60, sannan ta yi alkawarin wasu miliyan 60 lokacin da shugabar gwamnatinta ta lokacin, Angela Merkel, ta ziyarci wurin a Disambar 2019.

Abin da ya fara karkato ni wajen Bartoszewski shi ne, su kansu makasan burinsu kada a bar alama. A sansanin Treblinka, shi ma a Foland, inda aka kashe mutum wajen 900,000 cikin shekara ɗaya da 'yan watanni, an tono gawawwaki an ƙone, an rushe komai a 1943, an yi huɗa, an shuka furanni, har aka gina gidan gona aka zaunar da wani mai gadi don duk wanda ya wuce ya ɗauka manomi ne. Haka aka yi a sansanin Sobibor bayan boren fursunoni na 14 ga Oktoban 1943, kuma sai a 2014 masu haƙar tarihi suka gano harsashin ɗakunan gas ɗin, inda ake kashe mutane da iska mai guba, a ƙarƙashin kwalta. A Birkenau ma, kwanaki kaɗan kafin isowar dakarun Sobiyet, dakarun SS, rundunar 'yan Nazi mai kula da sansanonin, sun sa nakiya sun tarwatsa ɗakunan gas da wuraren ƙona gawa. Wanda ya ce a bar ragowar ta ɓace, ko da zuciyarsa fari ƙal ce, aikin da suka bari rabi yake neman lokaci ya ƙarasa musu. Janar Eisenhower na Amurka ya hango haka tun ranar 12 ga Afrilun 1945, da ya shiga sansanin Ohrdruf a Jamus. Ya rubuta wa shugabansa, Janar Marshall, cewa da gangan ya je ya gani da idonsa, don ya zama shaida idan wata rana aka tashi cewa farfaganda ce. Ya kuma nemi a turo 'yan jarida da 'yan majalisa su ma su gani. Gani ya kori ji.

Mai adalci zai ce, to ai Treblinka ba gini ko ɗaya, kuma ba wani masanin kirki da ke shakkar abin da ya faru a can. Takardun jiragen ƙasa na nan, da rahotannin 'yan Nazi da kansu, da shaidar waɗanda suka tsira, da shari'o'in da aka yi a Jamus. Duwatsu 17,000 da aka kafa a filin a 1964 suna girgiza mai ziyara fiye da gine-gine da yawa. A sansanin Bergen-Belsen na Jamus kuwa sojojin Birtaniya ne da kansu suka cinna wa ɗakunan wuta a Mayun 1945 saboda annobar zazzaɓin da ƙwarƙwata ke yaɗawa, kuma hakan bai hana wurin zama wajen tunawa ba. Wannan gaskiya ne. Tarihin kisan kiyashi bai rataya a kan bulo ba.

Amma ba a nan gizo ke saƙa ba. Shawarar a bar wa ƙasa tana ɗauka cewa idan mutane suka janye, wurin zai zauna shiru, itatuwa su tsiro, kowa ya kiyaye alfarmarsa. Tarihin shekara 80 ɗin nan bai nuna haka ba. Filin da ba a kare ba, mai bukata ne ke shiga.

A Lety, cikin Jamhuriyar Cek, akwai sansanin da aka tsare 'yan Roma wajen 1,300 tsakanin 1942 da 1943. Fiye da 300 suka mutu a can, galibinsu yara ƙanana, aka tura fiye da 500 Auschwitz. A shekarun 1970 gwamnatin kwaminisanci ta gina gonar aladu ta dubban dabbobi a wurin. Shekara da shekaru jikokin mamatan na zuwa addu'a wari na dukan hancinsu. Sai a 2017 gwamnati ta amince ta sayi gonar, aka fara rushe ta a 2022, aka buɗe wurin tunawa a Afrilun 2024. A Neuengamme ta Jamus, inda fiye da mutum 42,000 suka mutu a babban sansanin da rassansa, birnin Hamburg ya mayar da wurin gidan yari a 1948, ya ƙara gina wani daga baya, kuma sai a 2003 da 2006 aka rufe su. A Gusen ta ƙasar Ostiriya an yanka filaye an gina unguwa, babbar ƙofar sansanin ta zama gidan wani mai hali. Tanderun ƙona gawa ya tsira ne kawai don waɗanda suka tsira sun haɗa kuɗinsu sun sayi ɗan filin da yake kai. Ko sansanin Dachau na Jamus, da kowa ya san sunansa yau, matsugunin 'yan gudun hijira ne tun daga 1948, sai a 1965 ya zama wurin tunawa bayan tsofaffin fursunoni sun matsa lamba.

Ba Jamus da maƙwabtanta kaɗai ba. A Omarska ta Bosniya, mahaƙar ƙarfen da aka tsare Musulmin Bosniya da Kuroshiyawa aka azabtar da su a 1992 ta koma aiki. Kamfanin Mittal, wanda ya sayi mafi yawan hannun jarinta a 2004, ya yi alkawarin gina wurin tunawa a 2005, sannan aka jingine maganar saboda adawar hukumomin yankin. A Trnopolje da ke kusa, inda aka yi wani sansanin, abin tunawar da aka kafa na sojojin Sabiyawa ne. Wannan shi ne ainihin zaɓin da ke gaban kowace ƙasa: ko doka ta tsaya a kan wurin da sunan mamatan, ko kuwa kasuwa da siyasa su raba shi.

Adanawar ma tana da nata haɗarin, kuma mai goyon bayanta ne ya fi cancanta ya faɗe shi.

Sake gini shi ne ya fi tsada a wajen gaskiya. Ɗakin gas na farko a tsohon sansanin Auschwitz, 'yan Nazi sun mayar da shi mafakar harin sama a 1944. Bayan yaƙi masu gidan tarihi suka sake ɗaga bututun hayaƙin, suka harhaɗa tanderu biyu da ragowar ƙarafan asali, suka sake huda rufin. Niyyarsu alheri ce, amma an daɗe ba a fayyace wa baƙi abin da aka sake ba. Masu musu suka samu abin da suke nema: suka nuna gyaran suka ce ga shi nan, duka ƙarya ce. Shi ya sa tsarin da ake bi yanzu ya fi dacewa. Kufan ɗakunan gas na Birkenau an bar su a tarwatse yadda nakiya ta bar su, ana tallafe su ne kawai don kada su nutse. A tsayar da lalacewa, kada a ƙara ko bulo ɗaya, kuma duk abin da hannu ya taɓa a rubuta a faɗa. Idan aka riƙe wannan, rabin tsoron van Pelt ya kau.

Sai kuma mai riƙe da makullin. Kufai ba ya magana da kansa, wanda ya rubuta allon bakin ƙofa shi ke sa masa baki. Zamanin kwaminisanci, allunan da ke Birkenau cewa suke mutum miliyan huɗu aka kashe, adadin da wani kwamitin Sobiyet ya bayar a 1945, kuma ba su nuna cewa mafi yawan mamatan Yahudawa ba ne. An cire su a 1990, kuma binciken Franciszek Piper, masanin tarihi na gidan, shi ya tsayar da adadin da ake amfani da shi yau. A Buchenwald, Jamus ta Gabas ta gina katafaren wurin tunawa a 1958 don ɗaukaka fursunoni 'yan kwaminis, ta yi gum a kan cewa Sobiyet ta ci gaba da amfani da sansanin daga 1945 zuwa 1950, inda fiye da mutum 7,000 suka mutu. An gyara waɗannan kurakuran ne saboda wuraren na nan, da takardunsu, da masana masu 'yancin tuhumar abin da aka rubuta. Ba a gyara allo a gonar aladu.

Batun 'yan yawon buɗe ido ya fi sauƙi. Mutum miliyan 2.3 suka ziyarci Auschwitz a 2019, kuma a shekarar sai da hukumar gidan ta roƙi baƙi su daina tafiya kan layin dogo suna ɗaukar hoto kamar masu wasa. Wannan matsalar tarbiyya ce da ta tsari, ana maganinta da jagora da ƙayyade yawan masu shiga. Musulmi ya san cewa shiga irin wannan wuri yana da ladabi. Da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya bi ta gidajen Samudawa a hanyar Tabuka, ya hori sahabbai kada su shiga sai suna masu kuka. Can kufan waɗanda aka halaka saboda laifinsu ne, nan kuwa na waɗanda aka zalunta, amma ladabin tsayawa a inda bala'i ya sauka ɗaya ne.

Inda na rabu da wasu masu adanawa shi ne jikin ɗan Adam. Dakarun Sobiyet sun tarar da gashin mutane tan bakwai a buhuna, wanda ake sayar wa masaƙu a Jamus. Kusan tan biyu na nan a bayan gilashi a Auschwitz, an hana ɗaukar hotonsa, kuma hukumar gidan ta yanke cewa ba za a sa masa magani don ya daɗe ba, za a bar shi ya koma ƙura da kansa. Gidan tarihin kisan kiyashi na Washington an ba shi wani kaso, amma waɗanda suka tsira suka ce ba su yarda ba, mai yiwuwa gashin uwayensu ne, sai aka sa hoto a madadinsa. A Murambi ta Ruwanda, makarantar koyon sana'a inda aka kashe dubun-dubatar Tutsi ranar 21 ga Afrilun 1994, an ajiye ɗaruruwan gawawwaki da aka shafe da farar ƙasa a ɗakunan makarantar don kowa ya gani. Na fahimci dalilin. Mutanen da maƙwabtansu suka sare su da adda, kuma har gobe wasu na cewa yaƙi ne kawai, ba za a koya musu yadda ake kafa hujja ba. Duk da haka, mamaci yana da haƙƙin sutura, a Musulunci da Yahudanci da yawancin al'adun Afirka, kuma waɗannan mutane ba a nemi izininsu ba. Takalma, da akwatuna masu sunaye, da waya, da bango, a riƙe su iyakar iyawa. Gawa kuwa, likitoci su auna, su rubuta, su ɗauki abin da kotu ke bukata, sannan a binne.

Akwai inda aka haɗa biyun. A Potočari, kusa da Srebrenica ta Bosniya, an adana tsohuwar masana'antar batir inda sojojin Holan na Majalisar Ɗinkin Duniya suka yi sansani, inda dubban mutane suka nemi mafaka a Yulin 1995 kafin a kashe maza da samari Musulmi fiye da 8,000. A tsallaken titi kuma ga maƙabarta. Ana gano mamatan ta gwajin ƙwayoyin halitta, kuma duk ranar 11 ga Yuli a sallaci waɗanda aka gano a rufe su, kowa da kabarinsa da sunansa.

Na san akwai mai karatun da zai ce, ga abin da ake yi wa Falasɗinawa a Gaza, ina ruwanmu da makokin Yahudawa? Zafin da ke ransa yana raina ni ma. Amma yaron da aka sauke daga jirgin ƙasa daga Hangari a 1944 aka wuce da shi ɗakin gas bai taɓa ganin Falasɗinu ba, ƙasar Isra'ila ma sai a 1948 aka kafa ta. Kuma ƙa'idar da ta hana a share Birkenau ita ce za mu kafa hujja da ita a Srebrenica, da duk inda mai ƙarfi zai so ya turo katafila ta baje shaida gobe.

Ba kowane wuri za a iya mayarwa gidan tarihi ba. Masu bincike sun ƙirga sansanoni da unguwannin killace Yahudawa da wuraren aikin dole fiye da 40,000 a faɗin Turai. Galibinsu allo mai suna da kariyar doka a kan kaburbura sun wadatar. Abin da bai kamata ba shi ne zaɓin ya dogara ga wanda danginsa ke da murya a manyan biranen duniya. 'Yan Roma sun jira shekara 80 a Lety saboda ba su da kowa.

Nahiyarmu ma haka. A maƙwabciyarmu Cadi, ko da yake abin da aka yi wa tsohon shugaban ƙasar, Hissène Habré, shari'a a kansa a Dakar a 2016 laifukan cin zarafin bil'adama ne, ba kisan kiyashi ba, akwai kurkukun ƙarƙashin ƙasa da ake kira La Piscine a Njamena, tsohon wurin ninƙaya da aka rufe da kankare aka yanka ɗakuna. A Maris na 2015 kotun Cadi ta umarci gwamnati ta kafa abin tunawa cikin shekara guda, ta kuma mayar da hedikwatar 'yan sandan sirri ta DDS gidan tarihi. Shekaru suka shuɗe ba a yi ba, Habré ya mutu a 2021, waɗanda suka sha azabar suna ta mutuwa ɗaya bayan ɗaya.

Mafi ciwo shi ne tsibirin Shark, a gaɓar Lüderitz ta Namibiya. Tsakanin 1905 da 1907 Jamusawa 'yan mulkin mallaka sun tsare 'yan ƙabilun Herero da Nama a kan wannan dutse mai iska da sanyin teku, bayan umarnin ƙare-dangi da Janar Lothar von Trotha ya bayar a Oktoban 1904. An sa su aikin dole na tashar jiragen ruwa da layin dogo. Ƙiyasin waɗanda suka mutu a can ya kama daga 1,000 zuwa 3,000, cikinsu har da Cornelius Fredericks, jagoran Nama. An yanke kawunan wasu an aika Jamus don binciken wariyar launin fata, kuma sai a 2011 aka dawo da ƙoƙon kai 20 na farko daga Berlin. Wannan sansani fa an yi shi ne wajen shekara 35 kafin a aza bulon farko a Birkenau. Daga baya, shekaru da dama, wurin sansanin shaƙatawa ne, 'yan yawon buɗe ido na kafa tanti suna gasa nama. An ayyana shi wurin tarihi na ƙasa a 2019, Jamus ta amsa sunan kisan kiyashi a 2021 tare da alkawarin Yuro biliyan 1.1 cikin shekara 30, Namibiya kuma ta yi ranar tunawa ta farko ranar 28 ga Mayun 2025. Amma yanzu akwai shirin faɗaɗa tashar jiragen ruwan da ke jikin tsibirin, don fitar da makamashin haidurojin da Jamus na cikin masu jiransa, kuma shugabannin gargajiya na Nama sun ce ba su yarda ba, domin ƙasusuwan kakanninsu na iya kasancewa a ƙasa da cikin ruwan. Namibiya na bukatar aikin yi da kuɗin shiga, ba mai musun haka. Sai dai Jamus, ƙasar da ta ga ya dace ta ba da Yuro miliyan 120 don tallafe bangon Birkenau, ba ta da bakin cewa binciken gaɓar Lüderitz ya yi tsada. A auna ƙasa da ƙarƙashin ruwan, a zauna da zuriyar Nama da Herero a matsayin masu haƙƙi, kafin a zuba ko buhun siminti ɗaya.